Tambaya da Amsa: Sharhin Littafin Mayar da Aure

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. An ba ni aikin sharhin wani littafin soyayya: miji da mata sun rabu shekara 6, iyayensu na gaba da juna, daga baya aka mayar da auren. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Fara da ƙirga sakin, nan marubuta suka fi tuntuɓe. Saki ɗaya ko biyu, in tana cikin idda, kome ne kawai, babu sabon sadaki. Shekara 6 kuwa idda ta daɗe da cika, sai da waliyyi, shaidu da sadaki sabo. In uku ne, sai ta auri wani sun tare, sun rabu, ta yi idda. Littafin da ya ɓulle ta auren kashe wuta, ki faɗa ƙarara.

Sai sulhun. Wa ya shiga tsakani? A karkara kawu, liman ko mai unguwa ake turawa, ba mijin ne zai durƙusa a zaure shi kaɗai ba. In suruka ta yafe a shafi guda don kawai ciwo ya kwantar da ita, rauni ne, ki ambaci shafin. Taƙaita labarin kansa a cikin sharhin kuwa, layi 4 ya ishe shi.