Amsa: Cin abinci a izakaya a Tokiyo

Malam, ka tambaya ko Musulmi zai iya cin abinci a izakaya. To, ka sani tun farko wurin shan giya ne, abincin rakiya ne kawai, ƙananan faranti ana ci tare. Da ka zauna za a ajiye maka ɗan abin taɓawa, otoshi, ba kyauta ba ne, yana cikin kuɗin zama. Yakitori tsiren kaza ne a kan garwashi, amma romon da ake shafa masa, wanda Japanawa ke kira "tare", akwai mirin a ciki, giyar shinkafa ce. Don kauce wa romon, ka ce "shio", wato gishiri zalla. Yankan kazar ma abin tambaya ne, kuma wasu wuraren suna gasa alade a garwashi ɗaya. Ni dai gasasshen kifi, edamame (dafaffen koren waken soya) da ulon (wani nau'in shayi) nake tsayawa a kai.