Ku Tambaya Mu Amsa: Jaruman Indiya Tsakanin Kwanakin Aiki da Zaman Gida

Rabin wasiƙun wannan watan a kan jaruman Indiya suke, kuma sunan Aamir Khan ne ya fi yawo a cikinsu, saboda maganganun da ya riƙa yi tun 2022 game da aikinsa da iyalinsa. Mun ɗebi biyar, mun taƙaita su saboda fili.

Assalamu alaikum. Na ji Aamir Khan ba ya haɗa fim biyu a lokaci guda, har yakan yi shekara uku bai fito ba. Wannan ba jan aji ba ne? Ni a ganina da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. (Wani ɗalibi, Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da jarumi yake sayar wa furodusa kwanaki ne. Furodusa zai zo da kafin alƙalami, jarumi ya buɗe littafinsa ya ce na ba ka kwana 10 a Janairu, kwana 15 a Mayu. A shekarun 1970 da 1980 ana kasa yini zango-zango, kowane zango awa 8 a takarda, kuma babban jarumi yakan yi zango biyu ko uku a fina-finai daban-daban a rana ɗaya. Har Raj Kapoor ya laƙaba wa ƙanensa Shashi Kapoor suna "tasi", wai duk furodusan da ya ɗaga hannu sai ya tsaya.

To ga ɓarnar. Fim ɗin da kwana 60 ya ishe shi sai ya ci shekara 2 ko 3. An gina wurin ɗauka ana biyan haya, jarumi yana can wani gari. Ranar da ya samu sarari, jaruma ba ta da shi. Kuɗin da furodusa ya ranto kuwa ruwa yana ta hawa kansu. Shi ya sa a tsofaffin fina-finai za ka ga jarumi ya shiga ɗaki siriri da gajeren gashi, ya fito da tumbi da suma: watanni ne tsakanin shigarsa da fitarsa.

Aamir ya ɗanɗana wannan. Bayan fim ɗin 1988 da ya fito da shi, ya sa hannu a fina-finai takwas ko tara kusan lokaci guda, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya sha faɗa a hira cewa a lokacin yakan koma gida ya yi kuka, kuma daga nan ya gindaya wa kansa sharaɗi uku: labari, darakta, furodusa. In ɗaya bai kwanta masa ba, ba ya karɓa. Da ya zama furodusa a Lagaan, sai ya kwashi kowa zuwa yankin Bhuj a jihar Gujarat a farkon 2000, aka yi kusan wata 6 ana aiki a jere har aka gama. A lokacin mutanen masana'antar sun ɗauka hauka ce.

Amma tsarin yana da nasa ciwon. Ya ce ba ya karɓar ladan aiki a gaba, sai an cire abin da aka kashe sannan ya ɗauki kaso daga riba. In fim ya faɗi, shekarun sun tafi a banza. Na 2018 ya faɗi, na 2022 ma ya faɗi, babu wani a tsakani da zai rufa asiri. Akshay Kumar, wanda yakan fitar da uku ko huɗu a shekara, in biyu sun nutse ɗaya yakan fito da shi. A ganinmu hanyar Aamir ta wanda ya riga ya ƙoshi ce. Sabon jarumi da ya kwaikwaye ta, kafin fim ɗinsa na biyu an manta fuskarsa.

Don Allah kukan da suke yi na gaske ne? Kuma ƙibar da Aamir ya yi a fim ɗin nan na kokawa, ciko ne aka yi masa? (Wata mai karatu, Damagaram)

'Yar'uwa, hawayen yawanci na giliserin ne. Mai kwalliya yakan ɗiga kaɗan a gefen ido kafin a kunna kyamara, ido ya yi ja ya kawo ruwa. Dalilinsa aiki ne: fitowa ɗaya ana ɗaukar ta daga nesa, a sake daga kusa a fuskar jarumi, a sake a fuskar jaruma, kowanne kuma ana iya maimaita shi sau biyar ko goma. Babu idon da zai kawo hawaye daidai wurin kalma ɗaya sau 20. Kuma ba a bin labari a jere. Wuri ake bi: duk abin da zai faru a asibiti a ɗauke shi a mako guda, don haka mutum zai iya yin kukan mutuwar matarsa kafin a ɗauki ranar da suka fara haɗuwa. Gwanintar tana wajen tuna inda zuciyar mutumin take a kowace fitowa.

Sannan akwai ɗora murya. Yawancin fina-finan da kika taso kina gani, bayan an gama ɗauka jarumi yake shiga ɗakin sauti ya sake faɗin kowace magana daidai da motsin leɓensa, har da shessheƙar. Waƙa kuwa tun farko ba tasa ba ce. Su Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar da Kishore Kumar ne suka rera, shi baki kawai yake motsawa.

Masu shiga rol da gaske suna nan, kuma sukan biya da lafiyarsu. Dilip Kumar ya yi ta fitowa a matsayin mai baƙin ciki har abin ya bi shi gida, sai da ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Ingila a shekarun 1950, aka ba shi shawara ya riƙa sirkawa da fina-finan raha.

Ƙibar Dangal, wato fim ɗin kokawar, ta gaske ce. An kawo shawarar rigar ciko, Aamir ya ƙi, ya ce numfashi da tafiya da zaman mai ƙiba ba sa fitowa da ciko. Ya kai kusan kilo 97. Dabararsa ita ce ya sa aka fara ɗaukar ɓangaren tsufa, aka bar na ƙuruciya a ƙarshe, don ya san in fim ya ƙare yana da ƙiba babu abin da zai tilasta masa saukewa. Cikin kusan wata 5 ya sauke, da masu horo da masu lura da abinci a kansa. Shi da kansa ya ce abin ba shi da kyau ga jiki.

Wanda ubansa ba ɗan fim ba ne, ta ina yake shiga a can? (Wani mai wasan daɓe, Jos)

Malam, ƙofa biyu ce ta karatu. Akwai makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Delhi, NSD, wadda aka kafa a 1959. Karatunta shekara 3 ne, sai mai digiri wanda ya taka rawa a wasannin daɓe aƙalla 6, kuma waɗanda take ɗauka a shekara ba sa kai 40. Irrfan Khan da Nawazuddin Siddiqui da Pankaj Tripathi duk ita suka yi. Sai kwalejin fim da ke Pune, FTII, ta 1960, inda Jaya Bachchan ta yi karatu.

Takarda dai ba ta ba da rol. Bayan karatu sai Mumbai, unguwar Aram Nagar a Andheri, inda ofisoshin masu tantance 'yan wasa suka taru. Mutum zai tsaya gaban kyamara ya faɗi sunansa da shekarunsa da tsawonsa, ya juya dama da hagu, sannan a ba shi 'yan layuka ya yi. Yanzu da yawa a waya suke ɗauka su tura. In an ware shi sai gwajin sutura da kwalliya, kuma ko a nan ana iya sauke shi ba tare da an ce masa komai ba. Wanda ya samu aikin talabijin sau da yawa sai ya jira kwana 90 kafin kuɗi su fito, haya kuwa ba ta jira. Nan ne yawanci suke karyewa. Nawazuddin ya fito na 'yan daƙiƙu a wani fim a 1999, amma sai 2012 duniya ta san shi. Pankaj Tripathi ya ce shekaru da dama albashin matarsa na koyarwa ne ya riƙe gidan. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi kafin tantancewa ɗan damfara ne, can ma suna da yawa.

Da gaske ne Amitabh ya taɓa talaucewa? (Wani dattijo, Katsina)

Baba, bashi ne ya yi masa katutu. A tsakiyar shekarun 1990 ya kafa kamfanin ABCL, ya haɗa shirya fim da rarraba shi da waƙa da taruka, har da gasar sarauniyar kyau ta duniya a Bangalore a 1996. Taura ta yi yawa a baki, fina-finansa na lokacin kuma suka faɗi. Ya ce bashin ya kai kusan rupi miliyan 900. Da ƙafarsa ya je gidan darakta Yash Chopra ya nemi aiki, aka ba shi rol ɗin dattijo. A 2000, yana da shekara 57, ya karɓi gabatar da gasar kacici-kacici a talabijin, abin da manyan jarumai suke gani ƙasƙanci ne a lokacin. Da waɗannan biyun ya fara biya.

Me ya sa jarumansu mata suke ɓacewa da zarar sun yi aure? Su kuma mazan, anya suna da lokacin 'ya'yansu? (Wata uwa, Kano)

Hajiya, a da haka ne. Neetu Singh ta bar fim da ta auri Rishi Kapoor a 1980. Sridevi ta yi aure a 1996, bayan fim ɗinta na 1997 ba ta sake jan fim a sinima ba sai 2012. Madhuri Dixit ta auri likita a 1999 ta koma Amurka, sai 2011 ta dawo Mumbai da zama. Akwai son ran miji da dangi a ciki, akwai kuma camfin furodusoshi cewa 'yan kallo ba sa son matar aure a rol ɗin budurwa. Amma akwai lissafin kwanakin nan da muka yi wa ɗan Zariya bayani. Fim ɗin da zai ci shekara 3, furodusa yana tsoron juna biyu ya tsayar masa da aiki a tsakiya. Da aka koma gama fim cikin wata biyu ko uku a jere, tsoron ya ragu. Kajol ta ci gaba bayan aurenta a 1999, Kareena Kapoor bayan 2012, Alia Bhatt ma ta yi wani fim ɗin Amurka da ciki a 2022.

Rigimar yanzu ta awanni ce. Zangon aiki ya koma awa 12, ga awa ɗaya ko biyu na kwalliya kafin a fara, ga cunkoson Mumbai zuwa Goregaon inda babban filin ɗauka yake. Uwa za ta fita yaro yana barci ta dawo yana barci. Deepika Padukone, bayan ta haihu a 2024, ta nemi awa 8, aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2025. Hujjarta ita ce manyan jarumai maza sun daɗe suna yin awa 8 ba wanda ya ɗaga murya. Mu dai muna ganin tana da gaskiya.

Mazan kuwa, Aamir ya amsa miki da bakinsa. Ya ce ya yi fiye da shekara 30 fim ya cinye shi, har ya fi sanin buri da fargabar daraktocinsa fiye da na 'yarsa tana ƙarama. Lura da cewa wannan mai fim ɗaya ne a lokaci guda: rage yawan fina-finai bai mayar da shi gida ba, don duk lokacin da ya rage cikin fim ɗayan ya zuba shi. Aurensa na 1986 ya mutu a 2002, na 2005 ya mutu a 2021. Lokacin kullen korona ya tara iyalinsa ya ce zai bar fim gaba ɗaya, 'ya'yansa da Kiran Rao, matarsa ta biyu, suka hana shi, suka ce ya nemi tsaka-tsaki. A ƙarshen 2022 ya sanar da hutu don ya zauna da mahaifiyarsa da 'ya'yansa, bai sake jan fim ba sai Yunin 2025.