Me Tanjiro ya gada a wurin mahaifinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za a ce Tanjiro Kamado, jarumin shirin katun na Japan mai suna Kimetsu no Yaiba, ya gaji mahaifinsa, alhali uban, Tanjuro, mai sana'ar gawayi ne, bai taɓa zama mayaƙi ba. Gaskiyarka, takobi a hannun malaminsa Urokodaki Tanjiro ya koye shi. Amma abin da uban ya bari ya fi takobi: 'yan kunne guda biyu da rawar Hinokami Kagura.

Koma kashi na 19 na shirin, wanda ya fito a 2019. A dutsen Natagumo, zaren wani aljani mai suna Rui ya karya takobin Tanjiro, mutuwa ta zo daf. Sai ya tuno mahaifinsa, mutum ramamme mai fama da ciwo, yana wannan rawa cikin dusar ƙanƙara a farkon kowace shekara, daga faɗuwar rana har wayewar gari, ko haki ba ya yi. Yaron ya taɓa tambayarsa sirrin, ya ce masa a numfashi yake. Wallahi duk lokacin da na kalli wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Daga baya aka gane ashe rawar salon yaƙi ce mai matakai 12, Numfashin Rana na wani mayaƙin zamanin da mai suna Yoriichi, wanda ya nuna wa kakansu na nesa Sumiyoshi. Gidan suka adana ta a matsayin al'ada tsawon ɗaruruwan shekaru. Alkawari ɗaya Tanjuro ya nema a wurin ɗansa: kada rawar da 'yan kunnen su yanke a kansa.