Ga ƙanina da zai zo Tasalonika karatun zango ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanina, ka yi haƙuri na jima ban amsa ba, wlh saƙonka ya shigo ina tsakiyar jarabawa. Kace makarantarku ta zaɓe ka kazo jami'ar Aristotle nan Tasalonika ta ƙasar Girka kayi zango ɗaya, kana tambaya ko Turancinka zai isheka, ya maganar abinci da sallah, sannan a ƙasa ka ɗan saƙala wata tambaya cikin kunya wai ko mutum zai iya "zama" in zangon ya ƙare. Naga wannan ta ƙarshen sarai, zan zo kanta.

Toh da farko Allah ya sanya alheri, kazo. Amma kafin ka sayi tikiti ka rubuta wa sashen da zaka shiga su turo maka a rubuce waɗanne kwasa-kwasai ne ake koyarwa da Turanci a wannan zangon naka takamaimai. Jami'ar babba ce, tun 1925 aka kafa ta kuma babu wadda ta kaita yawan ɗalibai a Girka, amma digirin farko kusan duk da Girkanci ake yinsa. Abinda yake faruwa da ɗaliban musaya irinka shine wani kwas ɗin akwai aji na Turanci, wani kuma malamin zai baka littattafai ne kawai kuna haɗuwa a ofis lokaci-lokaci ka rubuta masa takarda a ƙarshe, wanda in kai irin mutanen nan ne da sai an bi su da bulala suke karatu to zaka farka watan Janairu ka tarar baka buɗe komai ba. Ni hakan ta kusa faruwa dani shekarar farko. Sannan ka tabbata makarantarku ta gida ta sa hannu cewa zata karɓi makin, kar kaje ka sha sanyi wata biyar ka dawo ace ka maimaita.

A titi kam Turanci zai kaika, matasa suna ji. Amma ka zauna yanzu ka koyi haruffansu, 24 ne kacal, sati ɗaya ya isa, saboda sunan titi da abinda ke jikin kwalin abinci. Kalmar da nake so ka fara haddacewa ita ce hirino, wato alade. Giros ɗin nan da kowa ke yabo, naman da ke juyawa a tsaye kamar shawarma, yawancinsa alade ne, in ma kace kotopulo wato kaza ka duba ko wuƙa ɗaya da teburi ɗaya suke amfani. Ni na haƙura dashi sai a shagunan Larabawa da ƴan Pakistan da ke wajajen tashar jirgin ƙasa, can nake sayen naman halal ma. Sauran kuma kifi, wake, shinkafa, ga kasuwar Kapani a tsakiyar gari, ga kuma laiki, kasuwar da ke ci a unguwa sau ɗaya a sati kamar dai kasuwar ƙauye, in ka bari sai sun kusa tashi farashi ya faɗi. Suna cin kuɓewa ma, bamies suke ce mata, sai dai da tumatir suke dafa ta sukutum babu yauƙi, abin takaici. Kuka, daddawa da yaji kam ka ƙunso abinka, amma kar ka sako kilishi, ba a shiga Tarayyar Turai da nama.

Wani abin dariya, "ne" a wajensu eh ne, a'a kuma "ohi", wani lokacin ma ba zai ce komai ba sai ya ɗaga gira da kai sama ya ɗan yi tsaki, kai kana zaton raini ne alhali a'a kawai yace. Kuma daƙuwa! Wallahi irin tamu sak, tafin hannu a buɗe yatsu biyar a fuskar mutum, muja suke ce mata kuma zagi ne babba. Satina na biyu wani direba ya tsaya min in tsallaka na ɗaga masa hannu na gode, bawan Allah ya leƙo yana ta surfa min abinda ban gane ba.

Sallah ita ce inda zaka ɗan ji jiki. Garin nan Daular Usmaniyya ta riƙe shi daga 1430 har 1912, a nan aka haifi Ataturk wanda ya kafa Turkiyyar zamani, zaka ga tsofaffin masallatai da hasumiya guda a tsaye jikin Rotonda, wani tsohon gini na zamanin Rumawa dab da jami'a, amma tun musayar jama'a da Turkiyya a 1923 musulman garin suka tashi, gine-ginen sun koma wuraren tarihi. Babu kiran sallah, wayarka ce ladaninka. Juma'a a ƙananan ɗakuna ake yi ƙarƙashin benaye, ka tambayi mai sayar da naman halal zai kwatanta maka. A 2024 an buɗe tsohon masallacin Yeni anyi ƙaramar sallah a ciki, mutane har da hawaye. Ko Atens babban birni sai 2020 ta samu masallacin hukuma. In kewar kiran sallah ta dameka ka hau mota zuwa Komotini ko Santi ta gabas, can akwai musulmai ƴan ƙasa da masallatansu a buɗe.

Zangon sanyi yana farawa wajen Oktoba jarabawa Janairu zuwa Fabrairu, ɗayan kuma Fabrairu zuwa Yuni da hutun Ista a tsakiya. In kana da zaɓi ɗauki na biyu. Akwai wata iska Bardaris da ke saukowa daga arewa, hunturun Jos wasan yara ne akanta, kuma in zaka kama ɗaki tambayar farko ita ce da me ake ɗumama shi kuma wa ke biya, ni wani mai gida bai faɗa min ba sai da takardar wuta tazo na riƙe kai. Kar ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da baka gani ba. Ka sa a ranka kuma ajin zai iya tsayawa, 26 da 28 ga Oktoba hutu, 17 ga Nuwamba tunawa da boren ɗalibai na 1973, ga yajin aiki, ga katalipsi inda ɗalibai da kansu ke rufe tsangaya in suna rigima da gwamnati kamar yadda akai a farkon 2024. Kai da ka saba da ASUU wannan ba zai baka tsoro ba. Ka nemi katin ɗalibi da wuri, paso, yana rage maka kuɗin mota, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe ƙarshen 2024 bayan shekara da shekaru ana haƙa.

Mutanen garin suna da wata kalma halara, wato kwantar da hankalinka, zasu zauna kan kofi ɗaya awa uku a bakin teku wajen Farar Hasumiya. Kana cewa Najeriya zasu ce Yanis, ɗan ƙwallon kwandon nan Antetokounmpo da iyayensa ƴan Najeriya ne. Masu kallon banza akwai, musamman tsofaffi a bas, kuma ɗan sanda zai iya tsayar da kai, takardunka su kasance a jikinka kullum.

Yanzu tambayarka ta ƙasa. Tunda zaka wuce kwana 90 bizar D, wato ta dogon zama, zaka nema a ofishin jakadancinsu na Abuja, ka fara da wuri, kuma ranar ƙarewarta a rubuce take. Ƙanina in ta ƙare ka koma. Na san mutanen da suka maƙale, suna tallan jaka a titi suna gudun ƴan sanda ko tsinkar zaitun a ƙauye, uwa ta rasu babu damar zuwa gaisuwa, su kansu Girkawan matasansu fita suke tayi neman aiki Jamus tun rikicin tattalin arzikin 2010. Kuma in ka gudu ka toshe wa na bayanka a makarantarku. Wanda ya koma da sakamako mai kyau da wasiƙar farfesa shi ke dawowa yin mastas ta ƙofar gaba, ni haka nayi. In ka samu bizar ka turo min ranar saukarka, ina da rigar sanyi guda da ta min kaɗan, ka gaida su Umma.