Laftof ta ƙi tashi bayan sabunta BIOS: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da laftof HP ta hannu, batirinta yana nuna ya cika amma da an zare caja sai ta mutu. Windows ta kawo sabuntawa na amince, ta kashe kanta ta tashi da wani rubutu cewa tana sabunta BIOS. Ana tsakar haka aka ɗauke wuta. Yanzu in na kunna, fanka na juyawa, fitilar Caps Lock na ƙiftawa, amma allo baƙi ƙirin. Aikin kammala karatuna yana ciki. Ta mutu ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, aikinka yana nan. Takardunka suna kan SSD ko faifan ajiya, shi kuwa BIOS yana zaune ne a wata 'yar ƙwaya daban mai ƙafa takwas a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa. Shi ne abu na farko da ke farkawa in ka danna maɓallin kunnawa: ya duba ram, ya kunna allo, sannan ya miƙa wa Windows ragama. Kamar yaron shago ne da ke riƙe da makulli. Ranar da bai zo ba, kaya na ciki lafiya lau, ƙofa ce kawai ba ta buɗu ba. Lokacin sabuntawa ana goge tsohon rubutun ƙwayar ne ana zuba sabo, to wuta ta yanke maka a tsakani, rabi an rubuta rabi babu. Manhajar ta kan duba caji kafin ta fara, amma batirin da ya lalace yana iya nuna mata ya cika.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Zare caja da duk abin da ke jone, in batirin na ciruwa ka cire shi, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30. Mayar da caja kaɗai, ka kunna, ka bar ta minti biyar zuwa goma ba ka taɓa ta ba. Bayan sabunta BIOS kwamfuta kan yi shiru da baƙin allo, ta kashe kanta ta tashi sau biyu ko uku, kuma mutane da yawa a nan suke ɓata lafiyayyar kwamfuta saboda gaggawar danne maɓalli. Ka ƙirga ƙiftawar fitilar ma. A tsofaffin laftof na HP, ƙiftawa biyu-biyu tana nufin BIOS ya lalace, uku-uku kuma matsalar ram ce, wadda cire ta a mayar kan warware.

In ba ta tashi ba, HP na da hanyar ceto a ciki. Kashe ta, ka jona caja a wutar da ka tabbata ba za ta yanke ba, ko da inbata ce ko gidan mai sola. Danne maɓallin Windows da na B tare, kana riƙe da su ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyu zuwa uku, ka saki na kunnawar kaɗai, ka ci gaba da riƙe biyun. Allon zai iya zama baƙi kusan daƙiƙa 40, wani lokaci ka ji ƙara, sannan shafin gyaran BIOS ya fito ya yi aikinsa da kansa. In bai fito ba, maimaita da Windows da V. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne akwai wani ɗan sashe a farkon BIOS wanda aikinsa kawai ya nemo lafiyayyen kwafi ya rubuta, kuma sau da yawa wannan sashen yana tsira.

Sai dai kwamfutocin hannu na da tasu matsalar. Kwafin da take nema yana ɓoye ne a faifan ajiya, kuma galibinsu an goge faifan an ɗora sabuwar Windows, ko an canza shi gaba ɗaya kafin su iso hannunka. Idan haka ne, nemi wata kwamfutar, ka shiga shafin HP, ka sa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan taka, ka sauke fayil ɗin BIOS nata. In ka buɗe shi zai ba ka zaɓin haɗa filas na ceto. Sa filas ɗin a matacciyar laftof, ka maimaita Windows da B. Ka kula da lambar nan sosai. Laftof biyu na iya zama suna ɗaya, kama ɗaya, amma madabod daban.

Tambaya: Malam, ina sana'ar buga takardu a Maraɗi. Dell Latitude ɗina ta tsaya cak tana sabunta BIOS, na gaji da jira na kashe ta. Yanzu fitilar batir na ƙifta ruwan lemo sau uku, fari sau uku. Mai gyara ya ce sai an canza madabod. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, kada ki biya kuɗin madabod tukuna. Ƙiftawar nan saƙo ce: a tsarin Dell, uku da uku na nufin kwamfutar ta gane BIOS ɗinta ya lalace, ta nemi kwafin ceto ba ta samu ba. Uku da huɗu kuma ta samu amma bai yi daidai ba. Kin ga kwamfutar da ke iya wannan bayani, firosesanta da wutarta na aiki.

Ki sauke fayil ɗin BIOS na samfurinki daga shafin Dell da lambar Service Tag da ke ƙasanta. Ki canza masa suna zuwa BIOS_IMG.rcv, ki sa shi a filas da aka yi wa fomat da tsarin FAT32, a fili ba cikin wata jaka ba. Ki tabbata Windows na nuna ƙarshen sunayen fayiloli, don kada tsohon .exe ya maƙale a baya ba ki gani ba; wannan ƙaramin abu ya sha hana gyaran tafiya. Sa filas ɗin, zare caja, danne Ctrl da Esc, kina riƙe da su ki mayar da caja. Shafin ceto zai fito, ki zaɓi gyaran BIOS, ki bar ta har ta gama. Masu Acer da ke karantawa, naku galibi Fn da Esc ne, amma sunan da za a sa wa fayil ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, sai an binciko na taku.

Ko wannan bai yi ba, akwai mataki guda kafin madabod, wato rubuta ƙwayar kai tsaye da na'ura. Ki tambayi mai gyaran ko yana da na'urar rubuta BIOS. In ba shi da ita, ki nemi wanda ke da ita. Ba na zargin mutumin da cuta, wasu iyakar abin da suka koya ke nan, amma canza madabod saboda BIOS asara ce babba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina koyon gyara a Kano. Na sayi na'urar rubuta BIOS ta CH341A da matsinta mai kama ƙafafun ƙwaya. An kawo mana laftof da maɓallan ceto suka ƙi yi mata aiki. Na samo fayil ɗin BIOS a intanet. In goge in rubuta kawai?

Amsa: A'a, ƙanena, tsaya. Kafin ka goge komai, karanta abin da ke cikin ƙwayar ka adana shi, ko da kuwa lalatacce ne. Duk abin da zan faɗa bayan wannan bai kai shi muhimmanci ba. A cikin wannan lalataccen rubutun akwai abubuwan da babu su a ko'ina: lambar siriyal ta kwamfutar, makullin Windows da kamfanoni ke binnewa a BIOS tun zamanin Windows 8 a 2012, a wasu ma har da lambar katin sadarwa. In ka goge ba ka da kwafi, sun tafi. Ka karanta sau biyu, ka gwada fayilolin biyu. In ba su zo ɗaya ba, matsin bai kama ƙafafun da kyau ba, kuma duk abin da ka rubuta a haka shara ne. In ka buɗe ka ga FF ko 00 daga sama har ƙasa, ba ka karanta komai ba.

Sai ƙarfin wuta. Ka karanta rubutun da ke bayan ƙwayar da madubin ƙara girma. Za ka ga irin su Winbond 25Q64, mai megabait 8, ko 25Q128, mai 16, ko na Macronix da GigaDevice. Haruffa biyun da ke biye da lambar su ne magana: a Winbond, FV da JV na aiki da 3.3V, FW da JW kuwa 1.8V ne, kuma dole ka sa musu adaftar 1.8V, in ba haka ba za ka ƙona ƙwayar, wataƙila har da abin da ke jone da ita. Ka kuma sani cewa baƙar CH341A da ta cika kasuwa tana ba ƙwaya 3.3V amma layukan bayananta na fitar da kusan 5V. Da yawa suna aiki da ita haka su tsira, ni dai ba na ba da shawarar a gwada sa'a da kayan mutane. Ka auna da mita, ka yi mata gyaran da ke sauke layukan zuwa 3.3V, ko ka nemi wadda aka riga aka gyara.

Cire babban batir da ƙaramin batirin agogo kafin ka sa matsi. Jan waya na zuwa kan ƙafa ta ɗaya, wadda ke kusa da ɗigon da ke jikin ƙwayar. A wasu madabod, wutar na'urar kan zarce cikin sauran sassa ta hana karatu. Nan sai ka ɗaga ƙwayar da iska mai zafi, ka rubuta ta a waje, ka mayar. Manhaja kuwa, NeoProgrammer ko AsProgrammer a Windows, ko flashrom a Linux, duk suna yi. Bayan rubutu ka sa ta tantance abin da ta rubuta.

Fayil ɗin da ka samo shi ne abin da ya fi damuna. Wanda kamfani ke bayarwa a shafinsa sau da yawa ba cikakken hoton ƙwaya ba ne, sashe ne a naɗe cikin manhajar sabuntawa. Gwaji mai sauƙi: girmansa dole ya yi daidai da girman ƙwayar, bait da bait. A kwamfutocin Intel, ƙwayar ta kasu gida-gida, akwai sashen BIOS, akwai na Intel ME, wata 'yar manhajar Intel mai kula da kwamfutar a ɓoye, akwai ɗan teburin da ke fayyace iyakokinsu. Hanya mafi tsabta ita ce ka ɗauki kwafin da ka adana, ka musanya sashen BIOS kaɗai da lafiyayye ta amfani da UEFITool ko manhajar gyaran hex, ka mayar da bayanan siriyal. In kuwa kwafin wata kwamfutar ka samo, ka dace shi da lambar madabod da ke buge a jikinsa, ba sunan laftof ba, kuma sai an wanke sashen ME ɗinsa, wato an cire saitunan waccan kwamfutar daga ciki. In ba a wanke ba, za ka ga tana daɗewa kafin ta nuna hoto, fanka na gudu ba tsayawa, ko ta riƙa kashe kanta bayan minti 30 cif. Ka kuma duba da kyau, wasu madabod na da ƙwaya biyu, ɗaya ta BIOS ɗaya ta EC, mai kula da caji da maɓallai. Laftof da ko fitilar caji ba ta kawowa bayan sabuntawa, EC ɗin ne abin tuhuma.

Tambaya: Malam, tawa ta tashi bayan gyara, alhamdu lillahi, amma shuɗin allo na neman makullin BitLocker. Ban taɓa sa wani makulli ba.

Amsa: 'Yar'uwa, Windows ce ta kulle faifan da kanta lokacin da kika shiga da asusun Microsoft, kuma da ta ga BIOS ya canza sai ta ɗauka wani ne ke son shiga. Makullin lambobi 48 ne. Ki shiga asusunki na Microsoft ta waya, ki duba sashen na'urori, za ki same shi a ƙarƙashin makullan BitLocker. In kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, yana wajen mai kula da kwamfutocinsu. Kada ki yarda a goge faifan kafin ki gama nema, domin babu mai gyaran da zai iya buɗe shi ba tare da lambobin nan ba. Nan gaba in za ki sabunta BIOS, ki rubuta makullin a takarda, ki dakatar da BitLocker daga saitunan Windows in akwai zaɓin, ki jona caja, kuma ki tabbata batirin na iya riƙe kwamfutar aƙalla minti 15 shi kaɗai kafin ki danna amincewa.