Alhaji, makullin dukiyarka duka yana aljihun ɗan ƙanwarka

Wani Alhaji mai sarin shinkafa, sukari da man girki a Kasuwar Dole ya aiko da tambaya. Yana da mangaza uku, a Damagaram, Magarya da Matamaye, da ma'aikata 40. Dukansu da suna ɗaya da lambar sirri ɗaya suke shiga kwamfutar lissafi, ɗan ƙanwarsa kuma shi ke riƙe da komai. Wani masanin kwamfuta ya nemi sefa miliyan 3 don ya ba kowa nasa suna da iyakarsa. Alhaji ya ce shi ya fi son zuba kuɗin a sabon reshe a Agadas, inda aka ce riba na ninkawa.

Ranka ya daɗe, ajiye zancen Agadas tukuna. Mangaza ukun da ke hannunka ma ba ka san wanda ya taɓa lissafinsu jiya ba. Ban ce yaron nan ɓarawo ne ba, Allah ya kiyaye. Amma in aka goge takardar buhu 50 yau da dare, kwamfuta suna ɗaya za ta nuna, mutum 40 kuma kowa zai rantse. Zargi zai faɗa kan wanda ya fi kusa, wato shi, zumunci ya lalace ba hujja. Duba kuma layin wayar da banki ke turo lambar tabbatarwa: da sunan wa aka yanke shi? In nasa ne, ranar da wayarsa ta ɓace ko kuka saɓa, kai ne za ka koma baƙo a asusunka.

Manya ma nan suke faɗuwa. A 2021 ɓarayin intanet sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon suna da ba a aiki da shi amma ba a rufe ba, ba shi kuma da tabbatarwa ta biyu, wato ƙarin lamba irin wadda ake turowa a waya bayan lambar sirri. Kamfanin ya biya fansa wajen dalar Amurka miliyan 4.4. Yaran da suka bar shagonka bara fa, har yau lambar tana kansu.

Kuɗin ba sayen firji ba ne, a biya sau ɗaya a huta. Kashi uku ne: kuɗin kafawa, kuɗin haya na kowace shekara, da lokacin mai kula da shi. Na tsakiyan nan ake mantawa. Sunan mutum ɗaya a tsarin aikin ofis da ake haya ta intanet irin Microsoft 365 ko Google Workspace, a ƙaramin mataki, ka ƙiyasta jika 4 a wata. Mutum 40 ya kusa miliyan 2 a shekara. Tambayi masanin ko miliyan 3 ɗinsa ta haɗa da wannan, ya rubuta maka a takarda.

Ba ma dukansu ke buƙata ba. 'Yan dako da direbobi me ya kai su kwamfuta? Fara da masu taɓa kuɗi da kaya: ma'aji, mai lissafi, mai tsaron kowace mangaza, wataƙila mutum 10. Hayarsu ba ta kai jika 500 a shekara ba. Ka ɗora wa kowace mangaza kuɗin mutanenta cikin kashe-kashenta na wata, kamar kuɗin wuta. Haka manyan kamfanoni ke yi don kada aikin ya mutu in kasafin farko ya ƙare.

Abin da za ka saya da kuɗin shi ne iyaka. Mai rubuta takardar ciniki kada ya iya goge ta. Mai shirya tura kuɗi kada ya zama mai amincewa. Na Magarya kada ya ga lissafin Matamaye. Babban suna mai iko da komai ya kasance naka, a layinka, kwafin lambarsa cikin ambulan a akwatin ƙarfe. Wanda ya bar aiki a rufe sunansa ran nan, wanda aka sauya wa aiki a karɓe tsohon ikonsa kafin a ba shi sabo. Duk wata uku a buga maka jerin sunayen, ka bi su da biro ɗaya bayan ɗaya.

Masanin kuwa kada ka biya shi gaba ɗaya. Kashi ɗaya a farko, ɗaya ranar da ka ga mai tsaron mangaza ya gwada goge takarda kwamfuta ta hana shi, na ƙarshe bayan ya miƙa maka babban sunan ka sauya lambarsa da hannunka.