Yaya fiffiken kifi ya zama ƙafa?

Tambaya: Malam, a darasin kimiyyar halittu an ce mana kwaɗi da kadoji da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa duk daga kifi suka samo asali. Wace hujja masana suke da ita a kan haka? Daga wata ɗaliba a Argungu.

Amsa: 'Yata, masana ba sa nufin tarwaɗa ko karfasa da ake kamawa a yau. Suna nufin wani rukuni na kifaye masu fiffike mai tsoka da ƙashi a ciki, waɗanda suka rayu a zamanin Debon, fiye da shekaru miliyan 360 da suka wuce. A fiffiken irin wannan kifi akwai ƙashi guda a sama, biyu a ƙasansa, sannan ƙanana, kuma haka ƙasusuwan hannunki suke jere daga kafaɗa zuwa wuyan hannu.

A shekarar 2004, wani masani mai suna Neil Shubin da abokan aikinsa suka tono burbushin wata halitta a tsibirin Ellesmere da ke arewacin Kanada, aka sa mata suna Tiktaalik. Ta rayu kimanin shekaru miliyan 375 da suka wuce, jikinta da ɓawo irin na kifi, amma kanta shimfiɗaɗɗe ne kamar na kada, tana da wuya da take juyawa, kuma fiffikenta yana iya tallafe ta a ruwa marar zurfi.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne binciken wata masaniya mai suna Jenny Clack a kan Acanthostega, wata tsohuwar halitta da aka tono burbushinta a tsibirin Girinlan. Wannan halitta tana da yatsu takwas a ƙafar gaba, amma ƙafafun ba su da ƙarfin ɗaukar nauyinta a tudu, kuma a cikin ruwa take numfashi kamar kifi. Ke nan ƙafa ta fara samuwa ne a ruwa, wataƙila don ratsa ciyayi da taɓo, tun kafin a taka ƙasa da ita. Sawun wasu dabbobi masu ƙafa huɗu da aka gano a ƙasar Folan, aka bayyana a 2010, ya ma girmi Tiktaalik, don haka har yanzu ana muhawara kan ainihin lokacin da ƙafa ta samu.

Ki kuma dubi gaiwa da masunta ke haƙowa daga busasshiyar laka da rani. Tana da huhu, tana shaƙar iska, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna danginta ne suka fi kowane kifi mai rai kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu, ko da yake ita 'yar'uwarsu ce, ba kakarsu ba.